Tagwayen da Aka Nema Aka Rasa: Wa Ya Karya Daidaiton Halitta a Nazariyyar Tsirkiya?

 Ga rubutaccen shirinmu na wannan makon, domin waɗanda data ba ta kai su ga sauraro ba, da waɗanda suka fi son su karanta a tsanake.

Yau kimiyya za mu shiga, kuma can cikin lungunta. Na san kun sha cin karo da bidiyoyin nan na TikTok da Facebook, inda wani zai fito yana rantsuwa cewa masana sun gano wata duniya daf da tamu. A tura, a yi ta mamaki. To maganar tana da asali. Sai dai ba a gano komai ba tukuna, lissafi ne ya kawo ta, kuma wata matsala takamaimai ce ta sa aka kawo ta. Matsalar nan nake so mu warware yau. Ku gyara zama, za mu bi ta daki-daki.

Mu fara daga tushe. Wayar da ke hannunka, hannun kansa, har iskar da kake shaƙa, duk da atam aka gina su. A cikin atam akwai ilektiron ta waje, akwai furoton da nutiron a tsakiya, su kuma waɗannan biyun da wasu ƙananan ƙwayoyi ake yin su, masu suna kwak. Masana fiziks sun raba dukkan irin waɗannan ƙwayoyi gida biyu.

Gida na farko ana ce masa famiyon. Nan ilektiron da kwak da nutirino suke. Halinsu halin kishiyoyi ne, kowacce da ɗakinta, biyu ba sa zama a gurbi ɗaya. Wolfgang Pauli ne ya fayyace wannan doka a 1925. Ita ce ta sa ilektiron ke jeruwa hawa-hawa a cikin atam, kuma wannan jeruwar ce ta bambanta ƙarfe da gawayi, ta bambanta gishiri da sukari. Gida na biyu kuwa boson. Nan ƙwayar haske take, wato foton, da guluwon mai ɗaure kwak wuri guda, da W da Z, da kuma Higgs. Su waɗannan ba ruwansu, dubu ma sai su cunkushe a benci ɗaya, kamar 'yan gidan kallon ƙwallo ranar wasan ƙarshe. Hasken leza haka yake samuwa.

A 1971 wasu masana biyu a Mosko, Golfand da Likhtman, suka rubuta lissafin da ke haɗa gidajen nan biyu. A shekarar dai Pierre Ramond, da André Neveu da John Schwarz, suka ci karo da irin wannan abu ta wata hanya daban. Zuwa 1974 Julius Wess da Bruno Zumino suka tsara shi yadda kowa ya ɗauka. Sunansa sufasimetiri, masanan kan gajarta shi su ce Suzi. Ni a shirin nan daidaiton tagwaye zan riƙa ce masa, domin abin da yake faɗi ke nan: kowace ƙwaya a gida ɗaya tana da ɗan tagwai a ɗaya gidan. Duk Hassan yana da Husaininsa. Na ilektiron sunansa silektiron, na kwak sikwak, na foton fotino, na guluwon guluwino.

Ga inda gizo ke saƙa. In daidaiton nan cikakke ne, dole Husaini ya yi nauyi ɗaya da Hassan, cajinsu ma ɗaya. Ke nan da silektiron ya yi sauƙin samu kamar ilektiron, wanda J. J. Thomson ya gano tun 1897. Har yau ba wanda ya ga silektiron. Kuma gara da ba a gan shi a haka ba. Da nauyinsu ɗaya, da ilektiron ɗin cikin atam sun riƙa rikiɗa suna komawa silektiron, su kuma tun da boson ne sai duk su gangaro su cunkushe a hawa na ƙasa. Shi ke nan an gama da kemistiri, ba ruwa irin wanda muka sani, ba jini, ba ni ba kai. Saboda haka in daidaiton tagwaye gaskiya ne, to karyayye ne. Tagwayen suna nan amma sun yi nauyin da injinanmu ba su kai su fito da su ba.

Wani zai ce, to Malam, abin da ba a gani ba, me ya sa ba za a watsar da shi a huta ba? Tambaya mai kyau. Dalilin Higgs ne.

Ranar 4 ga Yuli, 2012, cibiyar CERN da ke kan iyakar Suwizalan da Faransa ta sanar da gano ƙwayar Higgs. Nauyinta ya kai kamar na furoton 133. Amma in ka bi lissafi, duk ƙwayar da ke mu'amala da Higgs tana ƙara mata nauyi ko ta rage, kuma ba ƙarin wasa ba. Ƙarin kan iya haurawa har matakin da ake kira na Planck, wanda ya fi nauyin Higgs da kusan 1 mai sifili 17 a gabansa. Ka ɗauki ɗan kasuwar da kuɗin shigarsa tiriliyoyi ne, na fitarsa ma tiriliyoyi, amma kullum in aka rufe littafi sai a tarar saura naira ɗari cif, alhali ba wanda ya tsara hakan. Ai ka san da walakin goro a miya. To daidaiton tagwaye yana ba da dalili: abin da boson ya ƙara, famiyon ɗan tagwansa yana cirewa daidai wa daida. Littafi ya daidaita da kansa.

Kun ga matsin ko? In ba a karya daidaiton ba, babu mu. In aka karya shi da ƙarfi, tagwayen suka yi nauyi fiye da kima, littafin Higgs ya sake rikicewa. Ana buƙatar a karya shi ne a hankali, da awo.

Yaya doka za ta zama daidai amma sakamakonta ya fito a karkace? Ɗauki taɓarya ka tsayar da ita a tsakar gida ka saki. Ba dokar da ta ce gabas za ta faɗi ko yamma, duk ɓangarorin ɗaya ne a wurinta. Amma dole ta faɗi, kuma da ta faɗi ta zaɓi ɓangare. Wanda ya shigo daga baya kwance zai same ta tana kallon arewa, ba zai ga daidaiton farko ba. Irin wannan karyewar ake nufi. Matsalar ita ce, tun 1981 aikin Savas Dimopoulos da Howard Georgi ya nuna cewa in taɓaryar a tsakar gidanmu ta faɗi kai tsaye, wato a tsakanin ƙwayoyin da muka sani, to wasu tagwayen za su fito da rashin nauyi har su kasa wasu kwak ɗin, da tuni an gan su. Don haka dole faɗuwar ta auku a wani ɓoyayyen wuri, labarinta kawai ya iso mana. To ina ne wurin?

Nan nazariyyar tsirkiya ta shigo. Ita cewa ta yi, in za ka iya ƙura wa ilektiron ido sosai, ba ɗigo za ka gani ba, 'yar tsirkiya ce mai kaɗawa. Kamar yadda tsirkiyar gurmi ɗaya ke ba da amo iri-iri gwargwadon inda makaɗi ya danna, haka kaɗawa iri-iri ke ba da ƙwayoyi iri-iri. A 1974 Joël Scherk da John Schwarz suka lura cewa ɗaya daga cikin amon nan yana da siffar ƙwayar da ke ɗauke da ƙarfin jan ƙasa, wato girabiti. A 1984 Michael Green da Schwarz suka nuna lissafin ba ya cin karo da kansa, sai masana suka yi mata caa. Amma ta zo da sharuɗɗa biyu. Nau'o'inta da suka fi tsayuwa da ƙafarsu da daidaiton tagwaye suke zuwa. Sannan tana buƙatar fuskoki 10, tara na wuri, ɗaya na lokaci, alhali mu uku muka sani na wuri: tsawo, faɗi da tsayi. Sauran shidan fa? Amsar farko ita ce a naɗe suke. Tabarma shimfiɗa ce mai tsawo da faɗi, amma in ka naɗe ta tam ka hango daga nesa, sanda kawai za ka gani.

A 1995 Joseph Polchinski na jami'ar Kalifoniya da ke Santa Barbara ya nuna cewa ba tsirkiya kaɗai ke cikin nazariyyar ba. Akwai wasu shimfiɗu, a Turance ana ce musu biren, masu fuska biyu ko uku ko fiye. Tsirkiya iri biyu ce. Akwai buɗaɗɗiya mai baki biyu, wadda bakunanta ke manne da shimfiɗa kamar mariƙin bokiti, tana iya zamewa a kanta amma ba ta barinta. Akwai rufaffiya kamar zobe, wadda ba ta da bakin da za a ɗaure, ko'ina shiga take. A yawancin waɗannan tsare-tsare, ilektiron da kwak da haske buɗaɗɗu ne, girabiti kuwa zobe ne. Ma'ana, mai yiwuwa duk sararin samaniyar da muke gani, da taurarinsa kaf, shimfiɗa ɗaya ce a cikin wani fili da ya fi ta fuskoki. Mu a manne muke, girabiti ne kaɗai ɗan yawo.

To kun ga an samu ɓoyayyen wurin da ake nema. Bari mu ga hanyoyin da aka bi.

Hanya ta farko ita ce ta maƙwabci. A 1995 da 1996 Petr Hořava da Edward Witten suka fito da tsari mai fuskoki 11, inda fuska ta 11 gajeren tsakani ne mai bango biyu, ɗaya a kowane ƙarshe. Mu muna kan bango ɗaya. A ɗaya bangon akwai wasu ƙwayoyi da nasu ƙarfin, waɗanda haskenmu ba ya taɓa su, shi ya sa ba ma ganinsu. Can ne ƙarfin ke tsananta har wasu tagwaye su dunƙule bibbiyu, wannan dunƙulewar ta jawo karyewar daidaito. Mu kuma fa? Ka san in maƙwabta na daka, ba ka ganin turmin, katanga ta tsare, amma kana jin dirin ta ƙasa. Girabiti ne ƙasar da ke kawo dirin. Tun da shi rarrauna ne, ɗan maganaɗisu ma na ɗaga allura duk da jan da duniya gaba ɗaya ke yi mata, sai dirin ya iso a raunane. Karyewa mai ƙarfi a can, mai sauƙi a nan. Abin da ake nema ke nan.

Lisa Randall da Raman Sundrum sun ƙara wa wannan tunani ƙarfi a 1998. Akwai wata damuwa: in ɓoyayyen wurin yana cuɗanya da mu kai tsaye, zai iya ba tagwayen nauyi a hargitse, har a riƙa ganin abubuwan da gwaji bai taɓa gani ba, misali ƙwayar muwon ta rikiɗe ta zama ilektiron da haske kawai. An daɗe ana farautar wannan rikiɗar a Suwizalan, ba a gan ta ba. Randall da Sundrum suka nuna cewa tazarar da ke tsakanin shimfiɗu biyu tana toshe irin wannan cuɗanya, sai saƙon da ke bi ta girabiti, shi kuma ba ya nuna bambanci tsakanin dangin ƙwayoyi. Tsarin nasu ya zo da tasa matsalar, domin a sigarsa mafi sauƙi lissafin nauyin silektiron na fitowa a karkace, sai an yi masa ƙari.

Hanya ta biyu ita ce ta kusurwa. Shimfiɗa ɗaya tak, da zarar ta kasance, ta karya rabin daidaiton filin da take ciki, ta bar rabi. In ka ajiye biyu a jere suna kallon juna, rabin nan na nan, kuma abin sha'awa, ba sa jan juna ba sa tura juna, domin jan da ke tsakaninsu da turin cajinsu sun yi kunnen doki. In kuwa ka karkata ɗaya suka gitta juna, a 1996 Berkooz da Douglas da Leigh sun nuna cewa a wasu kusurwoyi na musamman ne kaɗai wani abu na daidaiton ke tsira. Kauce kaɗan, ya tafi duka. A wurin gittawar kuma ƙwayoyi irin su kwak da ilektiron ke bayyana, har yawan wuraren gittawa na iya bayyana dalilin da ya sa dangin ƙwayoyinmu uku ne.

Hanya ta uku ta fi kowacce zafi, ita ce ta kishiyar shimfiɗa. Kowace shimfiɗa tana da kishiya mai caji akasin nata. Rabin daidaiton da wannan ta bari, shi waccan ke karyawa, don haka in suka haɗu a fili ɗaya ba abin da ke saura. Kunnen dokin nan ma ya ƙare, sai su ja juna, su yi karo, su hallaka juna. Ashoke Sen na Indiya ya yi fice wajen fayyace yadda wannan hallakar ke gudana. A 1999 Shigeki Sugimoto a Japan, da kuma Antoniadis da Dudas da Sagnotti a Turai, suka samo tsare-tsaren da kishiyar shimfiɗa ke zaune ba tare da abokiyar karon da za ta hallaka ta ba. Babban fili na da daidaitonsa, kan shimfiɗa kuwa babu.

Yanzu ku saurara da kyau, domin nan ne zuciyar shirin yau. Karya daidaiton ba shi ne wahala ba, kun ga hanyoyi har uku, akwai ma wasu. Wahalar ita ce a karya shi gidan bai rushe ba. Daidaiton tagwaye shi ne ginshiƙin da ke sa lissafin ya zauna lafiya. Da an cire shi, ƙarfin da ya yi kunnen doki sai ya ɓalle. Shimfiɗu su fara matsawa. Naɗaɗɗiyar tabarmar nan ta fuskoki shida ta fara warwarewa ko ta ƙara tsukewa. Girman naɗin nan kuwa shi ke yanke ƙarfin lantarki da nauyin ƙwayoyi, ke nan da yana sauyawa da dokokin fiziks ma suna sauyawa, abin da awo bai nuna ba. Michael Dine da Nathan Seiberg sun yi wannan gargaɗi tun 1985.

Sai ga wani nauyi ya ƙaru. A 1998 ƙungiyoyi biyu na masana taurari, ƙarƙashin Saul Perlmutter da Brian Schmidt tare da Adam Riess, suka gano cewa faɗaɗar sararin samaniya ƙara gudu take yi. Wannan ya ba su kyautar Nobel a 2011. Ana danganta abin da wani makamashi da ke cikin fili kansa, ɗan mitsitsi amma sama da sifili, wanda ya kai kusan kashi 68 cikin 100 na duk abin da ke sararin samaniya. Fili mai cikakken daidaiton tagwaye ba ya ba da makamashi sama da sifili, sai dai sifili ko ƙasa da shi. Ke nan sama da kanta ta ba da shaida cewa in akwai daidaiton, a karye yake. Amma karyewar da ta isa ta ɓoye tagwayen, bisa lissafi na kai tsaye, makamashin da take zubawa ya ninka wanda aka auna da kusan 1 mai sifili 60.

A 2003 masana huɗu, Kachru da Kallosh da Linde da Trivedi, suka kawo shawarar da ta fi shahara, ana kiranta KKLT da haruffan sunayensu. Da farko suka ɗaure naɗin fuskoki shidan don kada ya motsa, abin ya ba su fili mai makamashi ƙasa da sifili. Sannan suka ɗauko kishiyar shimfiɗa ɗaya suka ajiye ta a gindin wani dogon maƙogwaro a cikin naɗin, kamar rijiya mai zurfi. Zurfin rijiyar na rage ƙarfin duk abin da ke gindinta, don haka kishiyar ta karya daidaiton kaɗan, ta kuma ɗaga makamashin ya ɗan haura sifili. Dabara ce mai kyau, amma har yau ana ja-in-ja a kanta. A 2009 wasu masana a Saclay ta Faransa suka nuna alamun lissafin na ɓaci a kusa da kishiyar, wasu suka mayar musu da martani. A 2018 Cumrun Vafa na Harvard da abokan aikinsa suka fito da hasashen cewa wataƙila nazariyyar tsirkiya ba ta yarda da irin wannan fili mai zaman lafiya kwata-kwata. Manyan malamai ne a kowane ɓangare, kuma ba a rufe muhawarar ba.

To gwaji me ya ce? Injin LHC na CERN, zobe ne mai kewayen kilomita 27 a ƙarƙashin ƙasa, yana gwara furoton da furoton. Da yawa sun sa ran da an kunna shi tagwayen za su fito. An samu Higgs, ba a samu ko ɗan tagwai ɗaya ba. A tsare-tsare mafi sauƙi, yanzu an san guluwino, in yana nan, ya fi furoton 2,000 nauyi. Wasu masana da suka yi musu a rubuce a Kofanhegan tun 2000 kan za a ga tagwayen, a 2016 masu cewa za a gani suka amsa sun sha kaye. A jami'ar Washinton da ke Siyatil an auna girabiti har zuwa tazarar da ta kai kaurin silin gashi, ana neman alamar yoyonsa zuwa wasu fuskoki, ya bi dokar Newton sak. Na'urorin da aka binne a ƙarƙashin dutsen Gran Sasso na Italiya da kuma Dakota ta Kudu a Amurka, masu jiran ɗan tagwai mafi rashin nauyi a matsayin baƙin abun nan da ke riƙe gungun taurari, su ma shiru.

Wannan bai kashe nazariyyar ba, domin ita ba ta yanke takamaiman nauyin tagwayen ba, suna iya yin nisa. Amma duk nisan da suka ƙara, amfaninsu ga littafin Higgs raguwa yake yi. Ana shirin ƙara wa LHC yawan gwarawa zuwa wajen 2030, ana kuma tattauna gina wani zobe mai kusan kilomita 91.

Saboda haka, 'yan uwa, gobe in aka turo maka bidiyon an gano wata duniya a gefenmu, ka tambayi mai turowar abu ɗaya: a allo aka gano ta ko a na'ura? Zuwa yau, a allo take. Lissafi ne mai zurfi da mutane suka ƙarar da shekaru fiye da 50 a kansa, kuma su da kansu suke fitowa su ce na'ura ba ta gaskata su ba tukuna.

Nan za mu dasa aya. Duk inda bai shiga ba, ku ajiye tambaya a ƙasa, zan tattara in amsa a shiri na gaba, inda za mu ɗauki baƙin abun nan na sararin samaniya shi kaɗai. Ku tura wa abokin nan naku da ke son fiziks.